Taf Tara a Wuyan Ɗan Kawu

Daga Allah muka fito, gare Shi za mu koma, ɗan kawuna kuwa ya riga ni isa. Tun muna yara wannan ne kaɗai tseren da ya taɓa cinye ni, shi ma don ban sa ƙafa ba ne.

Kwana uku ana zaman makoki a ƙofar gidansa a nan Keffi. Ni ina ciki wajen mata, amma na sa an shimfiɗa mini tabarma daf da zaure don kunnena ya riƙa kaiwa waje. Na ga jama'a. Waɗanda suka koyi aiki a hannunsa sun zo daga Lafiya, daga Akwanga, daga Nasarawa, wasu gemunsu ya fi nasa fari, suna zaune suna kwaikwayon tsawarsa ƙasa-ƙasa. Matan wata coci, 'yan Mada, sun shigo da tukunyar shinkafa a ka, babbarsu ta durƙusa gaban matarsa. Bafulatanar da ke kawo masa nono ta sauke ƙwarya a tsakar gida ta ce kowa ya sha, ita ba ta san inda za ta kai nonon ranar Talata ba yanzu. Har Ibo mai sayar da kayan gyara ya rufe shagonsa yini guda, abin da ko ranar auren 'yarsa bai yi ba.

A rana ta biyu wani baƙo, abokin aikin babban ɗansa daga Abuja, ya gyara murya ya ce, "An shaida mini marigayi tun yana saurayi har ya tsufa bai taɓa ɓata aiki ko sau ɗaya ba."

Waje ya yi tsit. Can wani ya yi tari, na kusa da shi ya sunkuyar da kai, sai dariya ta ɓalle ta bi layi kamar wutar kara har ta shigo cikin gida. Autarsa tana gefena da hawaye a fuska, ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa. Bawan Allah ya tsaya yana waige-waige, bai san ramin da ya faɗa ba.

Saboda shi da irinsa na ce a kawo takarda, in faɗa a rubuta. Ni ban shiga aji ba, amma abin da ya shiga kaina bai san hanyar fita ba. Kuma ni ce mai ikon faɗa. Uwata da ubansa ciki ɗaya suka fito, don haka taubasai muke, abokan wasa. Bai taɓa kiran sunana ba, sai 'yar Gwaggo, ni kuma in ce masa ɗan Kawu. In ya so tsokana ya ce ni baiwarsa ce, in ce in ni baiwa ce, shi ne gyaran da aka ɗora a kai da aka saye ni. Abin da 'ya'yansa ba za su iya faɗa a kansa ba, ni zan faɗa, ko da yana kwance ƙarƙashin ƙasa. Da ni na riga shi, da yanzu ya gama tona mini asiri a majalisa.

Sana'arsa sassaƙa ƙarfe. Ba maƙeri ba ne mai wuta da zuga-zugi, injuna gare shi. In wani abu ya karye a injin niƙa, ko a tifa, ko a famfon burtsatse, aka zaga kasuwa babu, sai a kawo masa guntun. Ya juya shi a hannu, ya ce a dawo jibi. Jibi kuwa za ka tarar da sabo, kamar uwa ɗaya ta haife su da tsohon.

Abin da ya fi taƙama da shi yankan tiredi. Ga wanda bai sani ba, in aka huda rami a ƙarfe ana so noti ya shiga ya kama, sai an yanka wa cikin ramin 'yan haƙora masu murɗiya, su ne tiredi. Abin yankan wani ɗan ƙarfe ne kamar yatsa, mai kaifi a jiki, suna ce masa taf. Tauri gare shi amma ba ya lanƙwasa. In aka matsa masa sai ya karye ƙas, ya maƙale a cikin rami, ba ya fita kuma ba ya huduwa, aikin mako guda ya zama na 'yan gwangwan. Ɗan Kawu da hannu yake yi. Ya ɗiga mai, ya kama mariƙin da hannu biyu, ya murɗa sau biyu gaba, sau ɗaya baya. Yakan ce wa masu koyo, "Biyu gaba, ɗaya baya. Mai zuwa gidan surukai ma haka yake tafiya."

Man da yake ɗigawa nawa ne. Ni mai ƙuli-ƙuli ce, kuma ba yabon kai ba, in aka soya ƙosai a unguwar nan da man da ba nawa ba, hanci zai gaya maka. Sau ɗaya ya kuskura ya sayo wani mai na gwangwani mai rubutun Turanci a jiki, har da aiko mini da saƙo wai nawa yana da laka a ƙasa. Na ɗaura ɗamara na nufi shagon da tsakar rana, na tsaya a bakin ƙofa na ce, "Ina mai gemun bunsurun da ya ce maina da laka?"

Ya ce, "Ga ni nan, baiwata. Durƙusa ki gaida ubangidanki."

Na ce a huda rami biyu, a yanka ɗaya da nasa, ɗaya da nawa, a kira mai shayin da ke gefe a ɗaure masa ido ya gwada ya faɗi gaskiya. Aka yi. Mai shayi ya gwada wannan, ya gwada wancan, ya ce shi dai wallahi duk ɗaya ya ji. Sai ni da ɗan Kawu muka haɗu muka rufe shi da faɗa, har ya bar mana tukunyarsa ya gudu. Bayan kwana biyu ya dawo wa maina, wai na gwangwani ba a iya dangwala burodi a ciki.

Gudun inji da ido da kunne yake auna shi. A tsoffin injunansa in za a ƙara gudu ko a rage, sai a tsayar a ɗaga bel daga wannan faifai a mayar wancan. Yana zaune yana cin goro, da ya hango sassaƙen ƙarfe na fitowa shuɗi zai daka tsawa, "Wa ke toya mini ƙarfe? Rage gudu, ba Abuja za ka ba!" Kuma kowace safiya, da an fito sallar asuba, kafin kowa ya zo, zai bi injunan ɗaya bayan ɗaya da kwalba yana ɗiga musu mai a 'yan ramukan da aka yi domin haka, yana tambayarsu ya kwanan gajiya. Yana cewa inji ba ya azumi.

Matan cocin nan kuwa, wata shekara ana jajibirin Kirsimeti injin niƙansu ya tsaya, ga hatsi jiƙe a robobi zai yi tsami. Ya ajiye aikin wani mai tifa, mutumin na ta kumfar baki, ya ɗaura kayan aiki a bayan babur ya bi su har ƙauyensu ta hanyar Panda. Bai dawo ba sai la'asar, kansa da girarsa fari fat da gari, matarsa ta ɗauka aljani ne ya yi sallama. Tun daga nan kowace shekara sai tukunyar shinkafa ta zo. Shi kuma ya aiko mini da ƙanzon, wai rabon baiwa ke nan.

To, 'ya'yansa da yawa, amma biyu ne a labarin nan. Babban ɗansa ma'aikacin gwamnati ne a Abuja, mai son ubansa, mai kuma son a ce shi ya yi. Auta mace ce, ita ta gado hannun. Ta yi karatun injiniya, ta yi aure, ta dawo shagon uban da ɗankwali ɗaure tam da rigar aiki. Babban ya sayo musu wani inji mai kwamfuta, na hannu daga ƙasar waje, Auta na ce masa si-en-si. Sai da aka fasa ƙofa kafin ya shiga. Ɗan Kawu ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Baƙon da ya fara da rushe ƙofa, Allah Ya sa mu ga alherinsa." Ya juya kujerarsa ya ba shi baya.

Ni kuwa gani ya kori ji, na je da kaina. Auta ta ja ni gaban gilashin ta ce, "Gwaggo, kin ga sandar nan da ke riƙe da taf? Ita ke juyawa. In na rubuta mata gudu a allon nan, ba ta ƙarawa ba ta ragewa. Ƙarfe mai taushi a ba shi gudu, mai tauri a bi shi a hankali. Ba sauran ɗaga bel."

Na ce, "To ina biyu gaba ɗaya baya?"

"Babu. Riƙon tam sandar take yi wa taf, ba wasa ko kaɗan. Sanda na juyawa, kan injin na sauka, kuma dole su tafi tare. Duk juyi ɗaya, ya sauka daidai haƙori ɗaya. In ya kai ƙasa ya tsaya cak, ya juya baya, ya hauro ta hanyar da ya bi."

"Wa ke gaya wa mai sauka cewa mai juyi ya juya?"

"Akwai moto a can sama ƙarƙashin murfi, shi ke jan sandar da bel. A jikinsa akwai ɗan abin ƙirga, yana ƙirga juyi yana gaya wa kwamfuta."

Na ce, "Ashe lugude ne. Mata biyu turmi ɗaya. In ɗaya ta yi latti, taɓarya ta sauka kan taɓarya."

Ta ce, "Gwaggo, da ke ce malamarmu da ban sha wahala ba."

Daga can inda ya ba mu baya ɗan Kawu ya ce, "Abin da ba shi da tafin hannu, ina zai ji taf na kuka?"

Ta danna koren maɓalli. Kafin in gama bisimilla abin ya shiga ya fito, ya koma rami na gaba. Na waiga in ga ko ɗan Kawu ya juyo. Bai juyo ba. Amma akwai wani fasasshen madubin babur da aka kafe a bango gabansa, a ciki muka haɗa ido. Ya yi maza ya kama tsince haƙori.

Wata biyu abu na tafiya lafiya. Aka kawo musu babban aiki, faranta na injin buga bulo, kowane da ramuka rututu. Sai taf ya fara karyewa.

Shagon yana da doka tun ba a haifi Auta ba. Wanda ya karya taf, sai a ɗaure guntun da zare a rataya masa a wuya mako guda, a kan riga ba a ƙarƙashi ba. Da shi zai je masallaci ko coci, da shi zai je zance. Ɗan Kawu shi kam wuyansa bai taɓa ɗauka ba, kuma ba ya bari a manta. Da na farko ya karye a injin Auta, uban ya yi kamar bai ji ba. Ita da kanta ta tsinko zare ta ɗaura ta rataya. Aka yi na biyu, aka yi na uku. Cikin mako uku ta tara tara, in tana tafiya suna ƙara. 'Yan acaɓa na tsokanarta, dangin mijinta na cewa da ma sun faɗa.

Babban wan ya zo ya tarar da faranta tara jingine a bango, kowane da taf maƙale a ciki. A gabana aka yi, na kawo mai. Ya ce, "Ba na ce ba? Karatu daban, aiki daban. Ranar Litinin wani zai zo daga Kaduna ya karɓi injin. Ke ki koma tebur ki riƙa amsa waya."

Ta ce, "Yaya, ka bar ni in buɗe murfin saman nan in duba."

"Wanda ya sayar mini ya ce duk ranar da aka kwance murfin nan, ba ruwansa. Kada wanda ya taɓa."

Ta dubi ubanta. Ya dubi ƙasa. Ranar na tafi gida ban yi masa sallama ba.

Ranar Alhamis ta same ni ina matsar tunkuza. Ta zauna a kan turmi ta ce, "Gwaggo, na bi lissafin nan ya fi sau ashirin. Na rage gudu, na canja taf, na sake huda. Allon na nuna mini komai daidai, amma da ya kai ƙasa zai juyo, sai ƙas. Yanzu tsoron hannuna nake ji. In Litinin ta yi na sauka daga injin nan, ba zan sake hawa ba har abada, na san Yaya."

Na ce ta ci ƙuli. Ta ɗauki ɗaya ta shinshina, ta yi 'yar dariya ta ce, "Ko a can ma ƙamshin nan nake ji. In injin ya ɗau zafi sai in ji kamar ina gidanki, har yunwa yake sa ni."

Hannuna ya tsaya a cikin tunkuza. Kwalba ɗaya ke yi wa ɗan Kawu wata guda, tun ina da ƙarfin ɗaga turmi. Amma a watan nan sau uku aka cika masa, har na tambaye shi ko sha ya fara yi.

Ranar Asabar da aka fito asuba na ɗauki sandata na nufi shago. Ƙofa a ɗan buɗe. Ga ɗan Kawu a kan benci, ya yi ɗage kamar mai tsinkar mangwaro, yana tuttula maina a wata 'yar kafa da ke saman injin.

Na ce, "Salamu alaikum, ɓarawon safe."

Saura kaɗan ya faɗo. Ya ce, "'Yar Gwaggo! Wa ya kwance ki da sassafe haka?"

"Me kake ba baƙon naka? Ba kai ne ba ka gaisawa da shi ba?"

Ya yi ƙasa da murya, ko da yake ba kowa sai mu. "Ki rufa mini asiri. Yarinyar nan ta iya aiki, na gani a madubi. Amma ba ta ba shi mai a ka. Wata biyu ina kallo, ko ɗigo. In na faɗa mata gaban mutane na kunyata ta. Shi ne nake yi mata ba ta sani ba."

"Tun yaushe?"

"Mako uku ke nan."

"Taf ɗin fa, tun yaushe suke karyewa?"

Ya dubi kwalbar da ke hannunsa.

Na ce, "In ka zuba, ina yake tafiya?"

"Inda ya kamata mana."

"Ka gani da idonka?"

Ya sauko, ya ɗauki sifana, ya sake hawa, ya kwance murfin da ɗansa ya ce kada a taɓa. Ashe kafar nan ta shan iska ce. Ƙarƙashinta bel ne, yana sheƙi kamar an tsamo shi daga kaskon suya. Mutumin da ya sha korar masu koyo har bakin titi don sun taɓa bel da hannu mai maiƙo! Sabo turken wawa. Ya sauko a hankali ya zauna a kan bencin, ya ce inna lillahi, ya sake cewa.

Can ya ce in miƙo masa tsumma. Ya hau ya goge sau ɗaya, ya goge sau biyu. Nan kuma zan faɗi nawa, tunda na ce gaskiya za a rubuta. Sunansa na ji wa. Na ce, "Goge da kyau mu mayar da murfi. Ni ban zo ba, kai ba ka hau benci ba."

Hannunsa ya tsaya. Ya ce, "In na goge, taf zai daina karyewa, na Kaduna ya zo ya ce shi ya gyara. Ita kuma har ta tsufa ba za ta san abin da ya faru ba. Kullum ta ɗora hannu a kan aiki sai gabanta ya faɗi."

Ya ajiye tsumman. Ya ɗauki kwalbar, wallahi, ya ɗiga daidai abin da ya goge, don a gan shi yadda yake. Sannan ya ce, "Zauna, baiwata. Yau ke ce shaida."

Da hantsi kowa ya hallara. Ma'aikata, mai shayi, Ibo mai kayan gyara, Auta da sarƙarta. Babban ya faka mota ya shigo, idonsa ya faɗa kan murfin a ƙasa. Ya ce, "Wa ya buɗe wannan? Ba na ce..."

Ɗan Kawu ya ce, "Ubanka ya buɗe. Je ka kai ƙara. Auta, hau bencin nan ki duba."

Ta hau. Ta shafa bel da yatsa, ta kai hanci, ta juyo ta dube ni. Na ɗaga kai ina ƙirga kwanon rufi. Sai ta ce da ƙarfi, kamar wadda ta tsinci abin da ta yar, "Shi ke nan! Abin ƙirga yana jikin moto, moto na juyawa daidai, shi ya sa allo bai taɓa nuna mini komai ba. Bel ne ke santsi in ya ji nauyi. Sanda ta yi latti, kai na ta sauka abinsa, dole taf ya karye. Amma wa zai zuba mai a nan? Kan nan a rufe yake da maiƙonsa a ciki, ba ya shan komai."

Ɗan Kawu ya cire hula ya ajiye a kan tebur. Ban taɓa ganin ƙoƙon kansa a bainar jama'a ba sai ranar. Ya ce, "Ni ne. Mako uku, kowace safiya. Yarinyar nan ba ta karya ko ɗaya ba. Matso nan."

Ta sauko ta matso. Ya sa hannu ya cire zaren daga wuyanta, ya rataya a nasa, ya gyara shi a kan riga.

Babban ya ce, "Haba Baba, ai ba sai ka..."

"Doka ce, kuma ni na kafa ta. Taf tara, mako tara."

Auta ta ce, "Baba, da ka tambaye ni."

Ya ce, "Da na tambaye ki. Girman kai ya hana. Shi ma da yana ɗauruwa da na ce a rataya mini."

Mai shayi ne ya fara dariya, ya daɗe yana jiran ranarsa. Kowa ya kama. Ibo har da riƙe ciki yana cewa, "Oga, Oga, man miya? Man miya ka ba shi?" Na ce ya iya bakinsa, wannan man ya fi duk abin da ke shagonsa daraja.

Mako tara cur ya yi da su a wuya. Da su ya je Juma'a, sahun gaba. Da su ya je kasuwa, da su ya je sunan jikarsa. In aka tambaya ba ya gajarta labarin, yana farawa daga benci. Samari suka yi ta ɗaukarsa hoto a waya, yana gyara tsayuwa. Wata rana na gamu da shi na ce, "Amarya, ina aka sayo sarƙa?" Ya ce, "Ke da ba ki da ko ta roba." A makon ƙarshe da matarsa ta ce ya cire hakanan, saura kwana biyu ai an yafe, cewa ya yi in ya cire yau, gobe wane ne zai yarda ya rataya?

Amma na yi gaba, bari in dawo ranar Asabar ɗin.

Ibo ya ruga ya kawo sabon bel. Auta ta wanke faifan da fetur, ta shanya, ta ɗaura bel ta ja shi daidai, ta mayar da murfi da hannunta, wan nata na tsaye yana kallo. Ta ɗora sabon faranti mai rami arba'in. Ɗan Kawu ya jawo kujerarsa, wannan karon ya fuskanci injin. Ya ce, "Wane gudu za ki ba shi?"

Ta faɗa masa.

Ya ce, "Ni da na rage."

Ta ce, "A'a, Baba. Haka ƙarfen nan yake so."

Ya ce, "To."

Ni da na san shi tun yana tsere ba wando, ban taɓa jin ya ce "to" a maganar ƙarfe ba.

Ta danna. Taf ya shiga, ya tsaya, ya juyo, ya fito lafiya. Ya shiga na biyu, na uku. Ma'aikata suka fara ƙirgawa da baki, mai shayi ya shiga, ni ma na shiga. Da aka ce arba'in na yi guɗa, abin da rabona da shi tun bikin Auta.

Ɗan Kawu ya ɗaga hannu a yi shiru. Ya zaro noti ɗaya daga aljihu, ya durƙusa gaban farantin, guntayen taf na lilo a ƙirjinsa. Da yatsu biyu ya murɗa shi cikin ramin farko har ƙasa, ya kwance. Ya koma na biyu. Bai tsallake ko ɗaya ba. Rana ta take, babban na ta duba agogo, ba wanda ya isa ya ce ya isa haka. Da ya gama na arba'in ya dafa gwiwa ya miƙe, ya ɗauki hularsa ya sa, ya juya wajen ɗansa.

Ya ce, "Mutumin nan naka na Kaduna, in ya riga ya shirya, kada ka hana shi. Ya zo. Auta za ta koya masa."

Haka ya bar mata wurin, da bakinsa, yana da rai, a gaban shaidu. Allah Ya jiƙan ɗan kawuna, Ya yafe masa wanda muka sani da wanda ba mu sani ba, Ya yalwata masa makwanci, in tamu ta zo Ya sa mu cika da imani. Auta tana can kan injinta.